Waifai da kallo a ɗakin otal: amsoshin tambayoyin da masu otal da baƙi ke ta turo min

Assalamu alaikum jama'a. Sana'ata ja wa otal-otal da gidajen saukar baƙi layin intanet da haɗa musu tibi, nan Kano da garuruwan kusa. Tambayoyin nan kusan kullum su ake maimaita min, wasu daga masu otal, wasu daga baƙin da suka kwana suka tashi da haushi, shi ne na ce bari in tara su waje ɗaya kowa ya amfana. Na fara da na masu otal tunda su ke da wuƙa da nama.

Tambaya: Malam ai yanzu kowa da data a wayarsa, me zai sa in kashe kuɗi a waifai?

Ranka ya daɗe gaskiya ne kowa da datarsa, amma don Allah yau ka shiga ɗakin ƙasa na tsakiyar gininka ka rufe ƙofa ka duba netwok ɗin wayarka, sau da yawa sanda ɗaya za ka gani ko biyu, saboda bulo inci tara ne ga rufin kankare mai rodi a sama ga tayil ga gilas. Sannan tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025 mutane sun fara jin zafin data a jikinsu, Netflix da kanta ta ce kallon awa ɗaya mai kyawun hoto na HD zai iya cin gig 3. Ka kuma tuna su wa ke kwana a wajenka. Akwai 'yan bita da ma'aikatan ƙungiyoyi masu mitin ta Zoom, akwai ɗan kasuwar da ya taso daga Maraɗi ko Damagaram ko Njamena zai yi sari a Kantin Kwari ko Dawanau, layin ƙasarsa ne a wayarsa, in ya kunna data a nan kuɗin romin, wato cajin amfani da layi a wata ƙasa, zai cinye shi, shi kuwa duk cinikinsa a WhatsApp yake, hoton kaya da rasit da muryar maigida. Irin wannan baƙon kafin ya tambayi kuɗin ɗaki zai ce akwai waifai? In ya ji daɗi shi zai kawo maka abokan tafiyarsa.

Tambaya: Na sayi rawuta, na'urar nan mai watsa waifai, mai tsada mai eriya shida na ajiye a risepshin, amma ɗakunan sama ba sa samu. An cuce ni ne?

Ba a cuce ka ba Alhaji, aikin da ba nasa ba ka ɗora masa. Wannan ita ce matsalar da na fi tararwa. Waifai igiyar rediyo ce, kuma kala biyu aka fi amfani da su, akwai 2.4 GHz mai ɗan ratsa bango amma ga cunkoso ga rashin sauri, akwai 5 GHz mai sauri sosai amma bango biyu na siminti sun isa su kashe shi. Wani abin da mutane ba sa lura da shi, ko rawutan ya yi ƙarfin da zai kai saƙo ɗaki na ƙarshe, ita wayar baƙon fa 'yar ƙaramar eriya gare ta, ba za ta iya mayar da amsa ba, shi ya sa za ka ga alamar waifai a cike amma shafi ya ƙi buɗuwa.

Maganin shi ne a ja waya. Kebul ɗin Cat6 daga ɗakin na'urori zuwa kowane bene, a maƙala ƙananan na'urorin nan masu kama da faranti da muke ce wa AP a silin ɗin korido, kowace ta ɗauki ɗakuna uku ko huɗu gwargwadon kaurin bango, in kuma da hali a sa irin ta bango a cikin kowane ɗaki, wannan ita ce ta fi. Kebul ɗaya kada ya wuce mita 100, in ginin ya fi haka tsawo a sa wani siwic a tsakiya, wato akwatin da ke rarraba kebul-kebul ɗin. Siwic ɗin ya zama mai PoE, wato wanda ke tura wuta ta cikin kebul ɗin, ka ga ba sai an nemi soket a silin ba. Kayan Ubiquiti da TP-Link Omada da MikroTik duk ana samunsu a ƙasar nan kuma suna aiki.

Abu biyu nake roƙon masu otal. Na ɗaya a guji kebul na jabu, wanda aluminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe, ka kankare shi da reza za ka ga fari a ciki, in zafin Afrilu ya dake shi a cikin silin sai ya fara karyewa. Na biyu a daina sayen 'yan na'urorin ƙara zango da ake soka wa a soket, kowace ɗaya tana rage saurin kusan rabi, ka jera uku a korido ka ga ba abin da ya rage. In kuma yanzu kake gini, wallahi ka sa a bi da fayif a bango tun kafin filasta, kuɗinsa kaɗan ne a lokacin, daga baya kuwa sai an fasa tayil.

Tambaya: To sauri nawa zan saya?

Ka ɗauke shi kamar tankin ruwa da famfuna, ba yawan famfon ake dubawa ba, a'a, nawa ne za a buɗe a lokaci guda. A otal lokacin nan shi ne bayan isha'i zuwa wajen sha biyun dare. Netflix ta ce HD na buƙatar megabit 5, 4K kuma 15. In ɗakinka 30 ne ka ƙaddara 20 na kallo lokaci ɗaya, 20 sau 5 ya ba ka 100, ka ƙara wani abu don risepshin da kyamarori da masu mitin. Amma ko ka sayi 200 in ba a yi wa kowane ɗaki iyaka ba, mutum ɗaya mai sauke finafinai zai shanye duka ya bar saura da juyawar da'ira. Rawutan MikroTik na yin wannan rabon da kyau, a ce kowane baƙo kada ya wuce kaza. Kuma in ka je sayen layi ka tambaye su ƙarara, naka ne kai kaɗai ko na haɗaka ne da wasu gidaje, don farashinsu ba ɗaya ba aikinsu ma ba ɗaya ba.

Tambaya: Faiba ko Starlink ko rawutan 5G, wanne ya fi?

In faiba, wato wayar intanet mai zaren gilas da ake ja har gida, ta iso layinku ita zan fara zaɓa, ta fi tsayuwa kuma ruwan sama bai dame ta ba, illarta masu aikin titi da kwalbati da ke tsinke ta. Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, ta shigo Najeriya a Janairun 2023, mu ne ƙasar farko a Afirka, kuma ta ceci masu otal a garuruwan da faiba ba ta je ba, sai dai tana son sarari ba bishiya ba tankin ruwa a gabanta, in hadari ya haɗu aka kece da ruwa takan yi rauni na ɗan lokaci, kuma tsarin gida daban na kasuwanci daban, otal na kasuwanci ya kamata ya ɗauka. MTN ta fara 5G a 2022, Airtel a 2023, yana da sauri inda ya kai amma bai kai ko'ina ba.

Ni shawarata kullum layi biyu daga hanya biyu daban, in ɗaya ya faɗi rawuta ya juya kan ɗayan da kansa. Wanda ya ga abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024 ba sai an yi masa dogon bayani ba, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace ta wajen gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi suka tsaya cak a ƙasashen yammacin Afirka da dama.

Tambaya: Duk sanda aka ɗauke wuta aka tada janareta sai waifai ya ɗauke, baƙi su yi ta kiran risepshin.

Eh, saboda na'urorin suna mutuwa ne su sake tashi, kuma tashin nasu kan ci minti uku zuwa biyar, wanda ke tsakiyar mitin ya riga ya fita. A ware wa kayan intanet inbata da batirinsu su kaɗai, kada a haɗa su da firij ko fanka. Ba sa cin wuta sosai, AP ɗaya bai fi kamar wat 10 zuwa 15 ba, kuma tunda siwic ke ba su wuta, waje ɗaya kawai za a kare. Ko kana Band A, wanda hukumar lantarki ta NERC ta kai naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024 da alƙawarin awa 20 a rana, ɗaukewar sakan biyu ta isa ta kashe rawuta. Kada a manta da damina, tsawa na bin kebul ɗin da ya fita waje ta ƙone siwic gaba ɗaya, a yi atin mai kyau, wato wayar da ke kai wuta cikin ƙasa, a sa abin kare tsawa. Da hunturu kuma a riƙa buɗe akwatin ana hure ƙura.

Tambaya: Faswod ɗaya na rubuta a risepshin tun bara, akwai matsala?

Akwai babba ma. Ka fita ƙofar otal ɗinka da daddare ka ga samarin da ke zaune jikin katanga kowa ya duƙufa a waya, to intanet ɗinka suke sha, kai kana biya baƙonka na ƙorafi. A koma tsarin bauca, in baƙo ya karɓi mukulli a ba shi 'yar takarda mai lamba, ta yi aiki a na'ura biyu ko uku, ta mutu ranar da zai tafi. Sannan a raba layin baƙi da na ofis, kwamfutar risepshin da POS da kyamarori su zauna a nasu ɓangaren, kuma a kunna saitin da ke hana wayar ɗaki 5 ganin laftof ɗin ɗaki 12.

Tambaya: In riƙa cajin baƙo kuɗin waifai daban?

A'a ranka ya daɗe, sa shi cikin kuɗin ɗaki. In kana so ka ware mai sauri na musamman don ɗakin taro ka caji masu taron, wannan ba laifi. Abin da ba kyau shi ne matsa wa mutane sai sun saya, a Amurka a 2014 hukumar sadarwarsu FCC ta ci kamfanin otal-otal na Marriott tarar dala 600,000 saboda wani otal ɗinsa a birnin Nashbil yana toshe hotsifot ɗin masu taro don su sayi nasa.

Tambaya: Zan iya ɗauko dikodar DStv ta gida in raba wa ɗakuna?

Haɗin zai yi aiki amma ka saɓa yarjejeniya, biyan gida na gida ne, MultiChoice na da tsarin DStv Business na otal-otal, a can Nijar ma masu Canal+ haka abin yake, na kasuwanci daban. Ban da haka dikoda ɗaya tasha ɗaya take nunawa, in mai risepshin ya canza zuwa ƙwallo duk otal ƙwallo za a kalla har da Hajiyar da ke jiran shirinta a Arewa24. Yadda ake yi a tsohon tsari, kowace tasha da dikodarta a jere a kanta ɗaya, a haɗa su ta modileta, na'urar da ke mayar da hoton dikoda tashar tibi, a tura ta kebul ɗin eriya, baƙo ya canza da rimot ɗin tibi. Sabon tsari kuma IPTV, tashoshin na bi ta kebul ɗin intanet ɗin nan dai, hoto ya fi fita. Wajen zaɓen tashoshi a duba su wa ke sauka, a nan arewa in ba tashar Hausa da ta ƙwallo da ta labarai da ta Haramin Makka da ta yara, to an yi aikin banza ko da tasha hamsin aka jera.

Tambaya: Shi wannan kallon sai-ka-zaɓa da ake yi a manyan otal, ya yake, kuma zai yi a nan?

Asalinsa a otal-otal ɗin Amurka ne, otal na da rumbun finafinai, baƙo ya zaɓa da rimot ya kalla a lokacin da ya so, a rubuta kuɗin a bil ɗin ɗakinsa. An ci kasuwar nan shekaru, har wayoyi da laftof da Netflix suka zo mutane suka daina saya, babban kamfanin harkar LodgeNet ya shiga kotun karyewar arziki a farkon 2013 ya dawo da sunan SONIFI, a 2015 kuma Marriott ta ƙulla da Netflix don baƙo ya shiga akawun ɗinsa a tibin ɗaki. To abin da ya mutu a can ban ga dalilin da za mu kashe miliyoyi mu tono shi a nan ba. Baƙon yau da kallonsa yake zuwa a aljihu, wani YouTube inda yawancin shirye-shiryen Kannywood masu dogon zango ke fita yanzu, wani Netflix, wani tafsiri yake bi, wata kuma katun za ta kunna wa yara ta samu ta huta. Abin da yake nema a wajenka intanet mai ƙarfi da babban allo da hanyar haɗa su cikin sauƙi, in ka ba shi ukun nan ka gama masa komai.

Don haka kuɗin ya tafi wajen tibi mai kyau. Samsung da LG na yin tibi na otal musamman, ana kulle saitinsa, a yi wa ƙara iyaka kada wani ya hana maƙwabcinsa barci, kuma ya goge akawun ɗin baƙo in ya tafi. In ba halin wannan, tibi mai Android ko ɗan akwatin Google TV ya wadatar, da sharaɗin mai gyaran ɗaki ta san yadda ake fitar da akawun, a sa shi cikin aikinta kamar canza zanin gado. A kuma bar ramin HDMI a buɗe inda hannu zai kai, na sha ganin tibi an manne shi da bango ƙam ko yatsa ba ya shiga.

Tambaya: To in buɗe Netflix ɗaya in sa a duk ɗakuna, ko in sa a tura min finafinai a had dis?

Duka biyun a'a. Sharaɗin Netflix na kallon mutum da iyalan gidansa ne ba na kasuwanci ba. Turin finafinai kuma haƙƙin mutane ne, akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a 2023, kuma ko ba doka, 'yan fim ɗin nan namu da guminsu suka yi, wasu bashi suka ci. In kana son nuna finafinan Hausa ka nemi furodusa ko mai rarrabawa ku yi takarda.

Tambaya: Ina tsoron yara ko wasu su buɗe abin da bai dace ba da layina.

Tsoronka na kan hanya, kuma gyaran ba wuya. Ana saita rawuta ya bi ta DNS mai tacewa, wato mai nemo wa na'ura adireshin shafuka, misali 1.1.1.3 na Cloudflare kyauta ne, yana toshe shafukan batsa da masu cutar da na'ura. Ba ya kama komai, mai VPN, manhajar da ke ɓoye inda mutum ke shiga, zai zagaye shi, amma yaron da ya ɗauki wayar babarsa ya tsira. Ba mu kaɗai ke wannan ba, Marriott ma tun 2011 ta sanar za ta cire irin waɗannan finafinan daga ɗakunanta.

Yanzu na baƙi.

Tambaya: Masu otal na iya karanta WhatsApp ɗina in na hau waifai ɗinsu?

A'a ɗan'uwa, saƙon WhatsApp a kulle yake daga wayarka zuwa ta wanda ka tura wa tun 2016, ko ni da na haɗa layin ba na gani. Abin da ake iya gani shi ne sunan shafin da ka shiga da yawan datar da ka ci da lokacin, amma ba abin da ka rubuta a ciki ba muddin shafin na da https. Su kuma masu otal su sani lambar waya da sunan da suke karɓa amana ce, dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kansu, ba a ba wa ɗan talla ba a bar rijista a buɗe kan kanta.

Tambaya: In yi tiransifa da waifan otal?

Manhajar banki na da nata kullen, amma ni in kuɗi ne masu nauyi sai in ce ka kashe waifai ka yi da datarka, minti ɗaya ne. Haɗarin da ya fi shi ne waifan bogi, wani ya buɗe hotsifot da sunan otal ɗin ya zauna a harabar yana jira, don haka ka tambayi risepshin ainihin sunan. In kuma kana hawa sai wani shafi ya faɗo ya ce sabunta kaza ko sauke kaza, kada ka taɓa. A 2014 kamfanin Kaspersky ya fallasa wasu 'yan kutse da ya kira DarkHotel, ta wannan hanyar suka riƙa kama manyan 'yan kasuwa a otal-otal na Asiya. Wanda ya saba da VPN tun lokacin rufe Twitter a 2021 zai iya kunnawa, amma mai suna ba kowane na kyauta ba.

Tambaya: Ya nuna na haɗu amma ba abin da ke buɗuwa.

Yawanci shafin saka bauca ne bai fito ba. Kashe VPN in a kunne yake, kashe data, buɗe burauza ka rubuta neverssl.com, zai jawo shafin. In ya ƙi, ka sa wayar ta manta da waifan ka sake shiga. In har yanzu shiru to daga wajensu ne, ka kira risepshin ka faɗi lambar ɗaki.

Tambaya: Me ya sa wayata ba ta ganin tibin ɗakin in zan tura bidiyo?

Saitin nan ne da ke raba baƙi da juna, kuma don amfaninka aka yi, in ba shi wani daga ɗaki na gaba zai iya turo abin da ya ga dama kan allonka cikin dare. Otal ɗin da ya shirya za ka ga lamba ko QR a fuskar tibi, ka ɗauka da waya sai ta haɗu da tibinka kai kaɗai. In babu, kebul ɗin HDMI a jaka yana maganin laftof, wayoyi kuma ba duka ke fitar da hoto ta ramin caji ba, ka gwada taka a gida kafin ka sayi abin haɗin.

Tambaya: Na baro otal na tuna ban fita daga Netflix da YouTube ɗina a tibinsu ba, ya zan yi?

Ba sai ka koma ba. A Netflix shiga saitin akawun wajen na'urorin da ke ciki, ka fitar da tibin ko ka fitar da duka gaba ɗaya, sannan ka canza faswod. Na YouTube kuma ta akawun ɗin Google za ka bi, ɓangaren tsaro, za ka ga jerin na'urori ka cire wadda ba taka ba. Ka yi shi yau ɗin nan kafin wani baƙon ya shiga ɗakin, kuma ka kira manajan ka gaya masa don su duba sauran tibin nasu.